Marsandin da Aka Saya da Sunan Zuwairatu

Ba da ƙafarta motar ta shigo unguwar Azuba ba. A bayan janwe aka kawo ta ranar wata Asabar da hantsi, ɗaure da sarƙa, maƙwabta suka fito suna kallo. Marsandi ce tsohuwar yayi, mai dogon gaba da fitilu a tsaye, ta zamanin da ko auren iyayen Zuwairatu ba a ɗaura ba. A hoton da mijinta Rilwanu ya yi wata biyu yana nuna wa mutane a waya, sheƙi take yi. A ƙofar gida kuwa fenti ya dusashe, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi, kujeru sai warin ruwa. Kallon kitse aka yi wa rogo, amma wa ya isa ya faɗa? Rilwanu sai zagaya ta yake yana goge madubi da gefen rigarsa.

"Irinta Baba ya shigo Lafiya da ita daga Kano," ya ce wa masu kallo. "Ku bari a gyara ta ku gani. Masu biki layi za su riƙa yi. Amaren yanzu tsohuwar mota suke so a hoto."

Zuwairatu tana tsaye daga cikin zaure riƙe da Bilkisu, ƙaramar 'yarta. Direban janwen ya duba takardar hannunsa ya tambaya wace ce Zuwairatu Lawal. Ita ta fito ta sa hannu.

Yadda aka yi kuwa, a wani shafin gwanjo na intanet Rilwanu ya ga motar. Shafin ba ya barin mutum ya yi tayi sai ya ba da katin shaida da lambar waya da asusun banki. Shagon yadin da Rilwanu yake zama a kasuwa na haɗin gwiwa ne da wansa Alhaji Wakili, duk abin da ya motsa a asusunsa sai Alhaji ya ji, kuma Alhaji ba mutumin da zai yarda a zuba dukiya a gwangwani ba ne. Ita kuwa Zuwairatu malama ce, tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta, tana da katinta, tana karanta Turanci.

"Ara mini sunanki na kwana biyu, Zuwaira," ya ce mata. "Da ta iso sai a juya takardu."

Ta ara masa. Har fuskarta ta kara a waya aka ɗauka, don shafin ya tabbatar ita ce. Mai sayarwar kuwa babu wanda ya taɓa ganin ƙwayar idonsa, murya ce kawai a waya, mai yawan cewa wallahi.

Kwana tara da isowar motar, mai yin takardun mota ya zo ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya duba takarda, ya sake leƙawa. Ya ce lambar da ke jikin ƙarfe daban, ta takarda daban. Rilwanu ya kira mai sayarwa, waya a kashe. Ya buɗe shafin, tallar ta ɓace kamar ba a taɓa sa ta ba.

"Baban Hafiza, mu je mu kai rahoto," in ji Zuwairatu. "Tun da sauran mutunci."

"In kai rahoto su kwashe motar? Ke dai ba ki san komai ba sai alli da allo."

Ranar Lahadi ya zo da wani mai walda, suka tura motar cikin gida ƙarƙashin mangwaro, aka rufe ƙofa. Zuwairatu tana wankin kayan makarantar yara tana jin ƙarar injin gurza ƙarfe har cikin haƙoranta. Kafin azahar an goge tsohuwar lamba, an buga wadda ta dace da takarda. Rilwanu ya wanke hannu ya ci tuwo har da neman ƙari. Washegari ya ɗauki motar hoto ya sa a intanet, wai ana ba da haya ga masu biki.

Hoton nan ne ɗan mai motar ya gani. Ashe ta wani dattijo ce a wani gari mai nisa, shekara arba'in yana riƙe da ita, aka sace ta daga garejin da ya kai ta gyara. 'Yan sanda suka bi sawu ta shafin gwanjon, sawun kuma bai kai su shagon yadi ba. Aji uku ya kai su, ranar Talata, Zuwairatu tana tsakiyar koyar da lissafi. Yara talatin da biyu suka miƙe suka gaida baƙi, sannan suka ga an fita da malamarsu.

Kafin la'asar Rilwanu da Alhaji Wakili sun iso ofishin 'yan sanda. Aka ba su izinin ganinta a kan wani benci a bayan ofis kafin ta rubuta bayani. Alhaji ya riga ya gama faɗansa da ƙaninsa a hanya, yanzu sai lallashi ya rage. Ya zauna ya gyara babbar riga.

"Zuwaira, abin da ya faru ya faru. Yaron nan ya yi wauta, na gaya masa. Amma ki duba. In aka kama shi, sunan shago ne ya ɓaci. Gida huɗu ke ci a shagon nan, har da ke da 'ya'yanki. Ke kuwa mace ce, malama. Wane alƙali ne zai ɗaure mace a kan ta yi sayayya a waya an cuce ta? Ki ce ke kika saya, ba da sanin kowa ba. Sauran ki bar mana."

"Yaya Alhaji, ni ko tuƙi ban iya ba."

"Ai shi ya sa za a tausaya miki."

Ta juya ta dubi mijinta. Tana jiran ya ce a'a, ya ce shi ya ja ruwa, shi ruwa zai doka. Rilwanu bai dube ta ba, tururuwar da ke bin ƙafar benci yake kallo. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi maganar, yadda ɗan sandan da ke bakin ƙofa ba zai ji ba.

"In kika ambaci sunana a gaban hukuma, a bakin aurenki."

Igiya biyu sun riga sun tafi, ɗaya tun suna sabon aure a kan wani faɗa da ko shi ba zai tuna dalilinsa ba, ɗaya ranar da ta dage sai ta karɓi aikin koyarwa. Saura ɗaya tak. In ta tsinke babu kome, kuma a danginsu Rilwanu 'ya'ya na gidan uba ne, ba a ma tattauna wannan. Hafiza shekararta tara, Bilkisu huɗu. Alhaji ya ji abin da ƙaninsa ya faɗa sarai, sai ya ciro carbi ya kama ja.

Wadda ta karɓi bayanin wata sajan ce, Ngodoo, Batibiya mai jiki, Hausarta irin ta kasuwar Lafiya, mace da namiji duk ɗaya. Ta karanta abin da Zuwairatu ta rubuta, ta ajiye takardar, ta tsura mata ido.

"Malama, kai ne ya saya wannan mota?"

"Ni ce."

"Kai kaɗai? Maigida bai sani ba?"

"Bai sani ba."

"Mota yana cikin gidansa, a ƙarƙashin mangwaro nasa, bai sani ba." Sajan ta girgiza kai. "To. Sa hannu."

Aka ba da belinta da sharaɗin ta riƙa zuwa ofis duk Litinin da Alhamis. Janwe ya sake zuwa Azuba ya ɗauke motar, ya bar tabon baƙin mai a tsakar gida.

Sati biyu makaranta ta yi haƙuri da fashin Litinin da Alhamis. A na uku shugabar makarantar ta kira ta ofis, ta ba ta kujera, ta ce iyayen yara sun fara magana, ta ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. Zuwairatu ta kwashe littattafanta a leda. Tana fita ta ga wata sabuwar malama a ajinta, an riga an ba ta allin.

Daga nan duniyarta ta dawo hanya ɗaya, daga gida zuwa ofishin 'yan sanda, daga ofis zuwa gida. Ba ta da izinin barin gari. Masu keken haya na bakin layi sun san inda take zuwa, tana ɗaga hannu sai su ce, "Ofis ne, Malama?" Matan unguwa da suke aiko yaransu ta yi musu bitar karatu da yamma suka daina. An yi suna a gida na uku da nasu, ba a aiko mata da goro ba. Wata rana Hafiza ta dawo daga Islamiyya ta jefar da allonta ta shige ɗaki, da ƙyar ta faɗa cewa ana kiranta 'yar ɓarauniyar mota.

Abin da ya fi ci mata rai, a kunnenta ta ji shi. Tana shara a zaure bayan la'asar, Rilwanu na zaune da abokansa a dakalin ƙofar gida, wani ya yi masa jaje.

"Sai haƙuri," in ji Rilwanu. "Mata da waya sai a hankali. Kana kasuwa kana nema, ba ka san abin da ake dannawa a gida ba."

Aka yi ta Allah Ya kyauta. Wai har da masu yaba masa da bai kore ta ba. Da ya shigo ta tare shi da tsintsiyar a hannunta.

"Baban Hafiza, har da kai?"

"To me kike so in ce musu? Maganar da muka faɗa wa hukuma ita za mu faɗa wa kowa, in ba haka ba a kama mu da baki biyu. Don ke nake yi."

"Don ni."

"Kin fiye ƙorafi, Zuwaira. Kina kwana a ɗakinki, kina cin abincinki. Ni da na yi asarar mota, kin ji ina kuka?"

Ya wuce ya bar ta a tsaye. Ta ji tsanarsa ta taso mata, irin wadda ba ta taɓa ji ba, kuma duk da haka ta je ta ɗora masa ruwan wanka, don ba ta san wani abin da za ta yi da hannuwanta ba.

Da ta rasa wanda za ta gaya wa, ta aika aka kira mata mahaifiyarta daga Adogi. Inna ta zo da ƙullin gyaɗa da doya biyu, ta zauna a kan tabarma ta saurari komai, ta share hawaye da bakin mayafi.

"An zalunce ki, 'yar nan. Allah Yana gani."

"Inna, in faɗi gaskiya?"

Inna ta kamo hannunta. "In kin faɗa, ki dawo Adogi, ɗakina ya ishe mu. Amma yaran fa? Kin san ba za su ba ki ba. Ubanki ya rasu, wa zai tsaya miki a gaban su Alhaji? Ki daure. Tunda sun ce tara ce kawai, ki daure."

Alhamis ta ƙarshe kafin a shiga kotu, Sajan Ngodoo ta sallami kowa daga ofishinta, ta tura ƙofa. Ta ce sun nemi mai waldan, an ce ya yi tafiya, babu wanda ya san ranar dawowarsa.

"Malama, ka saurare ni. Ni ma ina da miji, ina da yara. Saya mota na sata da kuskure, wannan ƙaramin abu ne. Amma goge lamba, wannan ya nuna mutum ya sani. Mace mai koyar da yara ba ya kiran mai walda. Ni na sani, kai ka sani. Suna ɗaya kawai nake so. Ka faɗa, ni zan je in ɗauko shi da kaina."

Ta tura mata farar takarda da biro.

Zuwairatu ta ɗauki biron. Sunan yana bakinta, harafi bakwai ne kacal. Sai ta tuna Bilkisu, wadda har yau ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ita, da Hafiza da ta fara tambayoyin da uwa kaɗai ake yi wa. Gaba kura, baya sayaki. Ta ajiye biron a kan takardar, ta tura mata abinta.

"Ni na kira mai waldan."

Sajan ta yi tsaki, ba na raini ba, na takaici. "Allah Ya taimake ka," ta ce, ta buɗe ƙofa.

Lauyan da Alhaji ya ɗauko ya same ta a barandar kotu da safe, yana duba agogo. Ya ce kada ta wahalar da kotu, ta amsa laifi kawai, tara za a yanka, Alhaji ya zo da shirinsa, kafin la'asar tana gida. Aka karanta tuhuma biyu, karɓar kayan sata da sauya lambar mota. Aka tambaye ta ko ta fahimta, ta ce ta fahimta. Aka tambaye ta ko ta aikata. Ta waiwaya. Rilwanu yana benci na ƙarshe, ya sa sabuwar shadda ruwan ƙasa, kansa a sunkuye.

"Na aikata," ta ce.

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce da sayen ne kaɗai da ya duba cewa mace ce mai ƙananan yara, kuma wannan ne karonta na farko. Amma wanda ya ga lamba ba ta dace ba, maimakon ya kai rahoto ya kira a goge, ya san abin da yake ɓoyewa. Shekara ɗaya da rabi, babu zaɓin tara. Lauya ya tattara takardunsa yana cewa abin ya ba shi mamaki. Da aka zo wucewa da ita ta duba bencin ƙarshe, babu kowa a kai.

Sati uku ta yi a gidan yari ba wanda ya leƙo sai Inna, sau ɗaya. Abin da ya riƙe ta shi ne lissafin da take yi a zuci kullum: in ta fito Hafiza tana sha ɗaya, Bilkisu ta shiga aji ɗaya, ɗakinta yana nan, ta biya abin da aka ce ta biya. A Asabar ta huɗu aka ce tana da baƙo. Ta gyara ɗankwali ta fito da sauri, ta tarar da Alhaji Wakili shi kaɗai, da kular abinci a gabansa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ina yaran, Yaya Alhaji?"

"Lafiyarsu ƙalau. An kai su Kano wajen goggonsu. Surutun unguwa ya yi musu yawa."

"Kano? Ba a gaya mini ba."

"Ai ga shi ina gaya miki." Ya yi gyaran murya. "Zuwaira, dangi sun zauna. Kin san mu 'yan kasuwa ne, da suna muke ci. Abokan ciniki sun fara tambaya. Sannan ki duba yaran nan, mata ne, gobe za a zo neman aurensu, a yi bincike, a ce uwarsu da ke cikin gidan ta taɓa zaman kaso. Ke ma ba za ki so musu haka ba. Rilwanu bai so ba, wallahi har kuka ya yi. Amma maslaha ta fi son rai."

Ya zaro ambulan daga aljihu ya ɗora a kan murfin kular. Ba ta buƙaci buɗewa ba, amma ta buɗe. Layi biyu ne da rubutun Rilwanu, da kwanan wata, da sa hannun shaidu.

"Yaya Alhaji," ta ce, "ban ambaci sunansa ba. Ko sau ɗaya."

"Mun sani. Kin yi halacci, Allah Ya saka miki da alheri." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Ki ci abincin tun da zafinsa, dambun nama ne a ƙasa."

Haka ake yi. A ari sunan mace kamar ana aron tsintsiya, a share ƙazanta da shi, sannan a ce ya yi datti ba zai zauna a ɗaki ba. Rilwanu yana shagonsa a wannan sa'ar yana auna wa mata atamfa, ana ce masa bawan Allah mai haƙuri. Wansa zai fita daga nan ya wuce masallaci ya samu sahun gaba. Kowannensu yana da hujjarsa, kuma ko a gaban wa zai iya maimaita ta ba tare da ya ji kunya ba.

Zuwairatu ta miƙe da takardar a hannu ta nufi teburin gandurobar da ke rubuta sunayen baƙi, wata dattijuwa mai tabarau.

"Ranki ya daɗe, ina da magana. A kira mini Sajan Ngodoo. Ba ni na sayi motar ba, ba ni na kira mai walda ba. Rilwanu ne. Rilwanu Abdulkahar, mai shagon yadi, layi na biyu a kasuwa. Shi ne."

Matar ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau, ta dubi takardar da ke hannunta, ta gane. Ta sassauta murya.

"'Yata, a gaban alƙali aka tambaye ki, da bakinki kika amsa. Yanzu wa ya tambaye ki?"

Aka buga ƙarfen tashin baƙi. Gandurobar ta rufe littafinta, ta ce kowa ya koma ciki.